Google Classroom a ajin aljebra: ya iya riƙe maki, bai iya duba lissafi ba

Rigimar ƙarshen zango a ajin aljebra ba kasafai take tashi a kan x da y ba. A kan maki take tashi: wa ya kawo aiki a makare, wa aka yafe wa gwaji, me ya sa wane ya fi wane alhali amsarsu ɗaya. Google Classroom, manhajar Google ta ba ɗalibai aiki da karɓarsa ta intanet, wanda ya fito a 2014, yana kashe yawancin wannan rigima idan malami ya saita shi da kyau tun makon farko. Sai dai an gina shi ne don kowane darasi, kuma a cikin darussan lissafi ne ya fi shan wuya a hannunsa.

Wajen kafa dokokin aji ba shi da matsala, in dai ba a shafin sanarwa aka manna su ba. Duk abin da aka sa a can nutsewa yake yi da zarar sababbin sanarwa sun hau kansa, kafin mako uku sai an yi ta gungurawa. A shafin ayyuka ya kamata a buɗe kan magana mai suna "Dokokin aji", a sa takardar a ƙarƙashinsa, a ja shi zuwa sama. A bi shi da gajeriyar tambaya marar maki wadda kowane ɗalibi zai amsa cewa ya karanta, domin manhajar tana nuna wanda ya amsa da wanda bai amsa ba, kuma wannan shaida ce ranar da wani zai ce ba a gaya masa ba. Shafin sanarwa yana da zaɓi uku: ɗalibai su yi rubutu su yi sharhi, ko sharhi kaɗai, ko malami kaɗai ya yi magana. Na tsakiyar ya fi dacewa. Mai surutu ana iya rufe masa baki shi kaɗai, aikinsa kuma ya ci gaba da shigowa. Lambar shiga aji a canza ta ko a kashe ta da zarar kowa ya shiga. Rajistar halarta babu, wannan sai a littafi.

Lissafin maki shi ne ƙarfin manhajar, nan ne kuma aka fi yin kuskure. Tana ba da hanya biyu ta fitar da jimillar ɗalibi, ban da zaɓin barin ta ba jimilla. Ta farko ita ce tara maki gaba ɗaya a raba da abin da ake iya samu. Ta biyu ita ce raba ayyuka rukuni-rukuni, kowane rukuni da nauyinsa, kuma dole nauyin ya cika 100. Bambancinsu ba ƙarami ba ne. A ɗauki ɗalibi mai aikin gida 10, kowanne maki 10, ya sami 95 cikin 100. Gwaji 3 masu maki 20, ya sami 42 cikin 60. Jarrabawa 2 masu maki 50, ya sami 52 cikin 100. Idan aka tara, 189 ke nan cikin 260, wato kashi 72.7. Idan kuwa aka ba aikin gida kashi 20, gwaji 30, jarrabawa 50, zai sami 19 da 21 da 26, jimilla 66. Yaro ɗaya, aiki ɗaya, tazarar kusan maki 7.

A aljebra hanya ta biyu ce ta fi gaskiya. Aikin gida ya fi komai yawa kuma ya fi komai sauƙin kwafa, don haka a tsarin tarawa yakan kumbura ya rufe raunin da jarrabawa ta tona. Abin lura biyu ne. Kowane aiki sai an sa masa rukuninsa lokacin da ake ƙirƙirarsa, kuma nan ne malami mai sauri yake mantuwa. Sannan ya fi kyau ayyukan rukuni ɗaya su zama masu maki iri ɗaya, wanda manhajar ke sauƙaƙawa tunda kowane rukuni ana iya ba shi makinsa na dindindin. Hakan zai sa ɗalibi ya iya bin lissafin da biro ya ga ya yi daidai. Akwai maɓallin nuna wa ɗalibai jimillarsu. Kada a kunna shi sai an tabbatar da saitin, domin canza nauyi a tsakiyar zango yana motsa makin kowa a take, kuma babu bayanin da zai gamsar da wanda ya kwana da 72 ya tashi da 66.

Babban ramin shi ne aikin da ba a kawo ba. Gurbin da ba a rubuta komai a cikinsa ba, manhajar ba ta ɗaukarsa sifili, tsallake shi take yi. Ɗalibin da ya kawo aikin gida 4 cikin 10, ya cinye maki 10 a kowanne, zai fito da kashi 100 a rukunin, alhali 40 ne haƙƙinsa. A rukuni mai nauyin 20, maki 20 ke nan maimakon 8. Sai malalaci ya sha gaban mai ƙoƙarin da ya kawo goma ya faɗi biyu. A saitin aji akwai wurin da za a ce duk aikin da wa'adinsa ya wuce ba a kawo ba, a sa masa makin wucin gadi, sifili ko abin da malami ya zaɓa. Amma makin wucin gadi malami kaɗai ke ganinsa. Sai an mayar wa ɗalibi da aikin kafin ya shiga jimillar da yake gani. Wanda ya duba takardu ya manta bai mayar ba, yana kallon lamba ɗaya, yaran suna kallon wata.

Ga marar lafiya akwai alamar yafewa, wadda ke cire aikin daga lissafi ɗungurungum. Da ita ake cika dokar nan da malaman lissafi da yawa ke so, ta zubar da gwaji mafi muni na kowane ɗalibi, tunda manhajar ba ta yin hakan da kanta. Sai an bi sunaye ɗaya bayan ɗaya.

Makara kuwa tana rubuta ta amma ba ta hukunta ta. Aikin da ya shigo bayan wa'adi zai ɗauki tambarin makara, shi ke nan. Idan dokar aji ta ce a cire kashi 10 kowace rana, malami ne zai cire da hannu, ya rubuta dalili a sharhin sirri. Wa'adin da aka sa masa rana ba a sa masa lokaci ba yana ƙarewa ne 11:59 na dare, wanda ba lallai shi malami yake nufi ba. Ana iya rufe karɓar aiki da zarar wa'adi ya cika. Wata dabara da ɗalibai ke ganowa da wuri ita ce danna maɓallin miƙawa ba tare da sun haɗa komai ba, sai sunansu ya fita daga jerin waɗanda ba su kawo ba. Dokar aji ta faɗi ƙarara cewa miƙa wofi daidai yake da rashin kawowa.

Sai lissafin kansa, inda manhajar ta gaza. Akwatin rubuta tambaya ba shi da kayan rubuta alamomin lissafi, haka ma Google Forms da ake haɗa gwaji da shi. Wanda yake son x² ko layin rabawa mai sama da ƙasa, sai ya kwafo alamar daga wani wuri, ko ya rubuta x^2, ko ya ɗauki hoton tambayar ya manna. Google Docs, manhajar rubuta takardu, yana da kayan a kwamfuta, amma rubuta matakai shida da shi ya fi warware tambayar cin lokaci.

Barin Forms ya duba amsoshi da kansa ya fi haka haɗari. Harafi yake kwatantawa da harafi, bai san ƙima ba. A tambayar 2x + 6 = 14, idan malami ya sa 4 a matsayin amsa, wanda ya rubuta x=4 ko x = 4 ko 4.0 bai dace da ita ba. Idan amsa 1/2 ce, mai 0.5 ya shiga uku. A x² + 5x + 6, wanda ya rubuta (x+3)(x+2) daidai yake da mai (x+2)(x+3), amma na'urar ɗaya ta sani. Ana iya zuba amsoshi da yawa a jerin amsoshin da Forms zai karɓa, sai dai ba mai iya hango duk yadda yara 40 za su rubuta abu ɗaya. Abin da ya fi aiki shi ne a tilasta wa akwatin karɓar lamba zalla, a kuma rubuta tambayar yadda amsarta za ta zama lamba guda: maimakon a ce a warware, a ce mene ne x. Sauran a mai da su na zaɓi, a cusa kurakuran da aka sani cikin zaɓin. Jawo makin Forms zuwa rajistar maki ta Classroom ma yana da sharuɗɗa: fom ɗin ya zama shi kaɗai aka haɗa da aikin, yana karɓar adireshin imel, kuma amsa ɗaya kowa zai bayar. In ɗaya ya ɓace, sai kwafa da hannu. Kulle allo lokacin gwaji a kwamfutar Chromebook ta makaranta kawai yake aiki.

Shi ya sa duk aikin da ake son ganin matakansa, takarda da biro ne, a ɗauki hoto a tura. A nan jadawalin rabon maki yake da amfani ƙwarai. A tambaya kamar 3(x − 2) = 2x + 5, ana iya raba maki 5 haka: 2 na buɗe baka daidai, 1 na tattara x gefe guda, 1 na amsa, 1 na mayar da amsar cikin tambaya a gwada. Kuskuren da aka fi gani shi ne a rubuta 3x − 2 maimakon 3x − 6, sai a ƙare da 7 maimakon 11. Wannan ɗalibi ya rasa na baka da na amsa, amma ya tattara daidai, kuma jadawalin zai nuna masa inda ƙafarsa ta zame ba tare da malami ya yi dogon rubutu ba. Ana danna matakin, maki na haɗuwa da kansa, kuma ana iya ɗauko jadawalin a sake amfani da shi a wani aikin. A manhajar waya malami na iya zana da'ira a kan hoton. Hoton ne dai abin ciwon kai: mai duhu, mai karkata, wanda alamar ɗebewa ta ɓace a inuwar hannu. A sa a doka cewa shafi ɗaya hoto ɗaya, suna a sama, kuma wanda ba ya karantuwa za a mayar, wa'adi bai tsaya ba.

Kwafa ba ta da magani a nan. Mai binciken satar rubutu na manhajar jimloli yake bi, ba ya karanta hoton lissafi, ga kuma irin su Photomath da ke fitar da matakai daga hoton tambaya. Ƙaramin nauyi ga aikin gida da gwaji a gaban malami su ne kariyar.

Iyaye na iya samun taƙaitaccen saƙon imel kullum ko mako-mako idan ajin na asusun makaranta ne. Saƙon yana nuna aikin da ba a kawo ba da wanda ke tafe, ba ya nuna maki, don haka a gaya musu tun farko kada su ɗauka shiru alheri ne. Rajistar maki kuma ana sauke ta zuwa Google Sheets, manhajar jadawali ta Google, kuma ya kamata a sauke kafin a taɓa nauyin kowane rukuni da kuma kafin a cire ɗalibi daga aji.