Shubeik Lubeik da 'yan uwansa: sharhi kan labaran zane na Larabawa da aka fassara

Cikin littattafan labarin zane na Larabawa da na karanta a fassara, wanda ya fi cancanta a kashe masa kuɗi shi ne Shubeik Lubeik na Deena Mohamed, 'yar ƙasar Masar. Da Larabci ya fara fita, kashi uku, kuma kashin farko ya ci babbar kyauta a bikin CairoComix na 2017. A 2023 kamfanin Pantheon ya haɗa ukun wuri guda da Turanci, littafi mai kauri, ya haura shafi 500. A Ingila kamfanin Granta ya buga shi da suna Your Wish Is My Command, don haka kada mutum ya sayi biyun yana zaton littattafai daban ne. Ita mai zanen ce ta fassara abinta da kanta, kuma nan ne gizo ke saƙar.

Sunan ba baƙo ba ne a kunnenmu. Kalaman da aljanin tatsuniya ke furtawa ne idan ya fito daga kwalba, kuma "lubeik" ɗin nan ita ce labbaika da muka sani. A Alƙahirar da ke cikin littafin, buri haja ne da ake sayarwa. Mai daraja ta ɗaya yana zuwa a kwalba, da tsada, yana cika yadda aka nema. Mai daraja ta uku a gwangwani yake, shi talaka ke iya saya, kuma yakan cika buri a karkace: mace ta nemi ta rage ƙiba, sai hannu da ƙafa su guntule. Shokry, mai ɗan shago a bakin titi, yana da kwalabe uku masu daraja ta ɗaya da ya gada, shi kuwa a fahimtarsa ta addini amfani da su haramun ne. Labarin ya bi kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Akwai Aziza, matalauciya da mijinta ya rasu, ta yi shekaru tana tara kuɗi, da ta saya sai hukuma ta kama ta don ba a yarda irinta za ta mallaki wannan abu ta halal ba. Akwai Nour na jami'a, gidansu da wadata, amma ciwon damuwa ya hana sukuni. Sai Shokry kansa da tsohuwa Shawqia, Kirista, mai zuwa shagonsa kullum. Kashin Aziza ya fi taɓa ni. Na Nour yana da jan ƙafa, shafuka da yawa zanen jadawali ne na hawa da saukar yanayin zuciya, sai an yi haƙuri da shi.

Babban abin da Deena ta yi daidai shi ne ta ƙi yarda a juya shafukan. Bugun Turancin ma daga dama ake buɗe shi, kamar yadda ake buɗe littafin Larabci ko na ajami. Ana farawa da gidan zane (wato akwatin hoto guda a shafi) na sama a dama, a yi hagu, sannan a sauko layi na biyu. A cikin gida ɗaya, zagayen maganar da ke dama shi ne na farko. Rubutun da ke cikin zagayen kaɗai ake karantawa daga hagu. Shafi goma na farko ido yakan yi gardama, har a karanta amsa kafin tambaya, daga nan sai ya saba. Wanda ya yi makarantar allo ko Islamiyya zai riga wanda boko kawai ya sani sabawa.

Dalilin da ya sa wannan ke da muhimmanci sai an san abin da ke faruwa idan aka juya. Hanya mafi arha ita ce a kifa hoton kamar a madubi. Nan take kowa ya koma bahago: ana gaisawa da hagu, ana cin abinci da hagu, sitiyarin mota ya koma ɗaya gefen, duk wani allon shago da aka rubuta da Larabci ya zama ba ya karantuwa. Hanya ta biyu ita ce a yanka gidajen a sauya musu jeri ba tare da an kifa su ba. Ita kuma tana ɓata kallon mutanen cikin zanen, wanda aka zana yana duban abokin maganarsa sai a gan shi yana duban bakin takarda. Mai zane yana kuma ɓoye abin mamaki a bayan shafi, sai an buɗa a gani. Idan jeri ya sauya, sirrin yakan fito tun kafin lokacinsa. A wannan littafi ma aljanun da rubutun Larabci aka zana jikinsu, haruffa ne suke murɗewa suna tashi daga kwalba kamar hayaƙi. Da an kifa su, da an kashe su.

Matsala ta biyu wuri ne. Larabci ba ya rubuta gajerun wasula, jimlarsa takan ɗauki ɗan fili, Turanci ya fi shi tsawo, Faransanci ya fi duka. Zagayen maganar kuwa an riga an zana girmansa. Mai fassara ko dai ya datse magana, ko ya ƙanƙanta haruffa har su gagari ido, ko a faɗaɗa zagayen ya rufe fuskar wani. Da yake mai zanen ce ke fassara, tana da ikon gyara zagayen yadda take so, kuma ban ga shafin da rubutu ya cushe ba. Inda kalma ta ƙi fassaruwa, ta bar ta yadda take ta yi ɗan bayani a gefen shafi.

Metro na Magdy El Shafee shi ne na biyu da zan ce a nema, ko da yake bai kai wancan gogewa ba. Ya fito a 2008, 'yan sanda suka kwashe shi daga kasuwa, a 2009 kotu ta ci marubucin da mawallafinsa tarar fam 5,000 na Masar kowanne. Chip Rossetti ya fassara shi, ya fito da Turanci a 2012. Labarin Shehab ne, matashi masanin manhajar kwamfuta da bashi ya yi wa katutu har ya yanke shawarar fasa banki. Zanen baƙi da fari ne, da gaggawa a hannun mai shi, wasu wuraren faɗa sai an duba sau biyu kafin a gane wa ya bugi wa. Darajarsa tana cikin lokacin da ya fito: shekara uku kafin juyin juya halin Masar na 2011, ga zanga-zanga, ga 'yan daba da ake haya su tarwatsa ta, ga taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa da tashar da ake kira Mubarak, wadda daga baya aka mayar Al-Shohadaa. Akwai zagi da wani wuri na tsiraici, ba na yara ba ne. Wanda ya yi niyyar neman na Larabcin, shi ko Shubeik Lubeik, ya sani cewa maganar mutanen ciki da karin Masar take. Nahawun Islamiyya zai kai shi rabin hanya, sauran sai wanda kunnensa ya saba da finafinan Masar.

Da yawa daga littattafan da ake jerawa a wannan rukuni ba daga Larabci aka fassara su ba, daga Faransanci ne. Zeina Abirached ta Labanan ta fitar da Le jeu des hirondelles a 2007, Edward Gauvin ya mayar da shi A Game for Swallows a 2012. Dare ɗaya ne a Beirut a 1984, maƙwabta sun taru a zauren wani gida suna jiran iyayen yara biyu su dawo ana ruwan bama-bamai. Baƙi da fari ne tsantsa, mai yawan ado kamar aikin zayyana, kuma ya dace da matasa. Riad Sattouf kuma yana da L'Arabe du futur, juzu'i shida daga 2014 zuwa 2022, kan yarintarsa tsakanin Faransa da Libiya da wani ƙauye kusa da Homs a Siriya. Kowace ƙasa da launinta, shuɗi Faransa, rawaya Libiya, ruwan hoda Siriya, don haka kwafin da aka ɗauka a injin baƙi da fari ya zubar da rabin ma'anar. Gwani ne, amma yadda ya zana mutanen ƙauyen ubansa kusan ba mai kirki a cikinsu ya tsaya mini a rai, ban kuma yarda a ɗauke shi madubin Siriya ba. Masu karatu a Nijar da Kamaru da Chadi su nemi waɗannan biyu da Faransanci kai tsaye, ba su da bukatar fassara.

Ga mai saye, na takarda ya fi na waya nesa ba kusa ba. Allon waya yana raba zanen da ya mamaye shafi biyu, bayanan gefe kuma sukan yi ƙanƙanta. Idan dole sai na lataroni, a nemi allo mai faɗi, a kwantar da shi a ga shafi biyu tare, sannan a shiga saitin manhajar a mayar da buɗa shafi daga dama kafin a fara Shubeik Lubeik, in ba haka ba kowane shafi biyu za su zo a musanye.