Ɗan kamasho ya rasa aiki a Kanada

Masu yawan tambayata ta WhatsApp yadda aikin kamasho yake a nan, ga abin da ya same ni a hunturun da ya wuce. Kayan ɗaki nake sayarwa a wani babban shago a Calgary, kujeru da gadaje da katifu. Albashin bai taka kara ya karya ba, kamashon ne ke riƙe da mutum. Wata safiya aka tara mu aka ce kamfani ya rufe reshenmu. Hankalina ya tashi ƙwarai, domin mai gidan haya a nan bai san "a yi mini haƙuri zuwa ƙarshen wata" ba, kuma babu zauren kawu da mutum zai je ya raɓa.

Wata abokiyar aikina 'yar Filifin ta ce in nemi EI, wato inshorar rashin aiki, kada in bari mako huɗu ya wuce. Ban sa rai ba, saboda a gida wa ya taɓa ɗaukar ɗan kamasho a matsayin ma'aikaci? Ashe su ba ruwansu da ko albashi kake ci ko kamasho. Abin da suke dubawa shi ne ko ana cire maka kuɗin inshorar a takardar biyanka. Ana cire mini kowane biya, kamfani kuma yana zuba ninki 1.4 na abin da aka cire. Sai awannin aiki, tsakanin 420 zuwa 700 a cikin shekara guda kafin ka nema, gwargwadon yawan marasa aiki a yankinka. Sharaɗi na uku, kada ya zama kai ka ajiye aikin ba dalili, ko an kore ka kan laifi.

Abin da ya fi burge ni shi ne lissafin. Kowa ya san cinikin kamasho hawa da sauka ne, Disamba kasuwa ta buɗe, Fabrairu ka wuni kana kallon ƙofa. Sai suka tattara kamashon shekarar suka raba shi bisa makonni, suka riƙa ba ni kashi 55 cikin ɗari. Akwai iyaka, a 2025 ba ya wuce dala 695 a mako, kuma a ciki ma ana cire haraji. Wallahi ranar da kuɗin farko suka shigo asusuna sai da na yi sujada. Ban san kowa ba, ban kai wa kowa goro ba, ba a tambaye ni ɗan wane ne ni ba.

Kafin nan fa na sha wuya. Kamfanin ya yi ta jan ƙafa wajen fitar da takardar da ake kira ROE, wadda ke nuna awanninka da abin da ka samu. Ka kira, na'ura ta amsa, ta sa maka kiɗa har shayinka ya huce. Bayan an fara biya kuma duk mako biyu sai ka cika rahoto: ka nemi aiki, ka samu ko da dala ɗaya, ka bar ƙasar? Na so in zo Kano in ga Hajiya tunda ga lokaci ya samu, amma da ka fita ƙasar biyan ya tsaya. Wannan ya yi mini ciwo fiye da sanyin.

Wani ɗan'uwa ɗan Zinder da muke sallar Juma'a tare shi bai yi sa'a ba. Gida-gida yake bi yana tallan intanet cikin dusar ƙanƙara, aikin da ya fi nawa wahala nesa ba kusa ba. Da za su ɗauke shi sun ce shi mai zaman kansa ne, kamashonsa zai karɓa cif ba a taɓa ko sisi. Da suka sallame shi ya nema, aka ce ba a taɓa zuba masa komai ba. Alhali su ke tsara masa lokacin fita, su ke zaɓa masa unguwa, rigarsu yake sawa.

Lamarinsa ya tuna mini da yaran shago a Kantin Kwari da dillalan motoci, da 'yan matan da bankuna ke turawa neman masu ajiya. Yaro ya yi wa uban gidansa shekara goma, babu takarda ko ɗaya, ranar da aka saɓa sai ya ɗauki hularsa ya fita. In ka ce a rubuta yarjejeniya, a ce ba ka yarda da mutane ba, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi ta sauka. Dokar fansho ta Najeriya ta 2014 ta ba wanda ya yi wata huɗu ba aiki damar cire kashi 25 na asusunsa, amma ɗan kamasho nawa ne aka taɓa buɗe wa asusun?

Shi ɗan'uwan namu ya kai maganarsa hukumar haraji ta Kanada, domin ita ke da ikon yanke hukunci ko mutum ma'aikaci ne ko mai zaman kansa, komai sunan da kamfani ya laƙaba masa. Ya haɗa saƙonnin da manajansa ke turo masa na jadawalin aiki ya miƙa. Kafin su amsa, yana kai wa mutane abinci da mota da daddare, mu kuma 'yan masallaci mun haɗa masa kuɗin hayar wata biyu.