Bayan Guguwar Katrina: Filin Wasa ko Gidan Mutane?

Da guguwar Katrina ta sa ruwa ya shanye birnin New Orleans na ƙasar Amurka a watan Agustan 2005, an kwashe dubban mutane zuwa filin wasa na Astrodome a birnin Houston na jihar Texas. Can ga likitoci, ga jami'an tallafi, dangin da suka rabu kuma suna iya gano juna. Amma gadaje ne reras, hayaniya dare da rana, babu sirri.

Wasu kuwa iyalai ne suka buɗe musu ƙofa a jihohi daban-daban: ɗaki, abincin gida, makarantar yara, har rakiya wajen neman aiki. Ga mai ƙananan yara, a ganina, wannan ya fi. Sai dai akwai nisa da 'yan'uwa, baƙunta kuma idan ta kai watanni takan yi wa mai gida da baƙonsa nauyi.