Ulu ko zaren auduga don bargon yara mai gida-gida?

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Tsakanin ulu da zaren auduga da kika tambaya don bargon yara mai gida-gida na launuka, ki sayi ulu mai laushi. Ina nufin wannan na akirilik da ke cike a shagunan kayan saƙa, wanda sunansa kawai ulu, amma babu gashin tunkiya a cikinsa.

Da shi na yi wa ɗana na fari bargo tun yana rarrafe: ja, ruwan ɗorawa, shuɗi da kore, na haɗa gidajen da ruwan toka. Ya sha fitsarin kwance, ya sha kunu, an ja shi a tsakar gida an yi shimfiɗar wasa da shi. In na wanke da safe a lokacin hunturu, kafin la'asar ya bushe. A jikinsa yaron ya koyi sunayen launuka, yana ɗora yatsa yana cewa "wannan ja, wannan kore". Yanzu ƙanwarsa ce ta gaje shi, kuma ba ta yarda ta kwanta sai ta riƙe kusurwar da gidan ja yake. Ya ɗan tashi gashi a inda ake yawan riƙewa, iyakar abin da ya same shi ke nan.

Auduga kuwa, gaskiya ta fi sanyi a jiki kuma tana da kyau ga jariri mai saurin ƙuraje. Amma ta fi tsada, tana da nauyi, in ta sha ruwa sai ta jima ba ta bushe ba, kuma in kika rataye ta a igiya sai gidajen su miƙe su bar siffarsu. Na ajiye ta don hula da 'yar riga.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi game da ulu: wuta. Narkewa yake yi ya manne a fata. Kada yaro ya yafa shi ya zauna kusa da kaskon gawayi, kada a kunna maganin sauro mai hayaƙi a gefen katifarsa, kuma dutsen guga kada ya taɓa shi.

Ga yaro ɗan shekara biyu zuwa biyar, faɗin santimita 90 da tsawon 120 ya isa. In kowane gida santimita 15 ne, shida a faɗi takwas a tsaye, gida 48 ke nan. Ki saƙa gida ɗaya tukuna da kwarashi mai lamba 4, ki ɗora a sikelin kicin, ki ninka nauyinsa sau 48, sannan ki ƙara dunƙule biyu ko uku na haɗi da baki. Gidajen ki yi su a cike, kada ki yi mai manyan ramuka, don yatsun ƙafar yara suna maƙalewa. Duk inda kika canza launi ki bar jelar zare mai tsawon tafin hannu ki cusa ta da allura ta koma ta dawo. Ƙulli kaɗai warwarewa yake yi a wanki.

Sai maganar masu sayarwa, ko da ba ki tambaya ba. Wasu za su rantse miki cewa auduga ce zalla alhali gauraye ce ko akirilik ne gaba ɗaya. Ki yanki ɗan guntu ki ƙyasta masa ashana: auduga tana warin takarda ta bar toka mai laushi, akirilik yana warin roba ya dunƙule ya yi baƙin ƙwallo mai tauri. Wasu kuma suna warware dunƙule su rage su sake naɗewa, don haka ki duba giram ɗin da ke jikin takarda ki ce a auna a gabanki. Ki duba lambar rini ma, kowane launi ya zama lamba ɗaya, in ba haka ba za ki ga shuɗi iri biyu a bargo ɗaya. Masu tallar intanet kuma ki ce su ɗauko miki bidiyon zaren a hasken rana kafin ki tura kuɗi.

Ja da shuɗi mai duhu ki jiƙa guntunsu a ruwan ɗumi tare da farin ƙyalle kafin ki fara. In ƙyallen ya canza launi ki mayar musu da kayansu. Ki goga dunƙulen a wuyanki tun a shago, wanda ya yi miki kaushi ki bar shi. Allah Ya raya mana su.