Takardar Mai Unguwa da Rajistar Gwamnati: Wacce ke Tsare Mai Sayen Gida?

Wani ɗan'uwa daga cikinmu ya ce sun daidaita da mai gida a kan farashi a wata unguwa a Kano, mai gidan kuma ya ba shi shawarar a rubuta takardar ciniki a gaban mai unguwa da shaidu, a miƙa masa satifiket, wato takardar haƙƙin zama da gwamnati ta bayar a kan filin, da makulli, domin a ganinsa bin lauya da ma'aikatar ƙasa ɓata kuɗi ne da lokaci. Yana tambaya ko wannan ya wadatar, da kuma abin da ya bambanta hanyoyin biyu.

Ɗan'uwa, tushen maganar yana cikin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda sashenta na 1 ya damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kake saya shi ne ginin da haƙƙin zama a kan filin, wanda satifiket ɗin gidajen zama ya saba ƙayyade shi da shekara 99. Sashe na 22 ya hana mai wannan haƙƙi sayar da shi ko jinginar da shi sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. A shari'ar bankin Savannah da Ajilo, a 1989, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa sharaɗin ya hau har kan waɗanda suka mallaki gidajensu a cikin gari tun kafin dokar.

Duk da haka ba na goyon bayan masu raina takardar mai unguwa, domin yana da sanin da ba ya cikin fayil ɗin gwamnati ko ɗaya. Shi ne ya san cewa gidan na marigayi ne, kuma akwai 'yarsa da ke aure a wani gari wadda har yau ba a fitar mata da rabonta ba. Shi ne ya san cewa an taɓa yin zama a kan katangar gabas, ko kwatar da ke bi ta gidan maƙwabci. A wurinsa kuma da yamma ɗaya ake gama komai da kuɗi kaɗan. A gaban kotu ma takardar ba banza ba ce, domin wanda ya biya kuɗi, yana riƙe da shaidar biya, kuma ya shiga gidan, yana da haƙƙin da kotu ke karewa. Sai dai haƙƙi ne mai rauni, wanda kan faɗi idan ya yi karo da na wanda ya sayi gidan da gaskiya, bai san da cinikin farko ba, kuma ya kammala rajista.

Inda idon mai unguwa ba ya kaiwa shi ne fayil ɗin gidan. Ba shi da hanyar sanin ko an jinginar da gidan a banki, ko ana bin sa harajin ƙasa na shekaru, ko gwamnati ta soke satifiket ɗin, ko ta shata hanya ta kan filin. Babbar matsalar kuma ita ce riƙe satifiket ba ya canza sunan da ke cikinsa. Ko ka ajiye shi a ƙasan akwati shekara ashirin, gwamnati mai gidan farko ta sani. Idan mai mugun nufi ne, yana iya rantsewa cewa takardarsa ta ɓata, ya nemi kwafi, ya sake sayarwa. Idan mutumin kirki ne kuma Allah ya yi masa rasuwa kafin a canza suna, sai ka koma neman sa hannun magadansa ɗaya bayan ɗaya, wasunsu ba su ma san an yi cinikin ba. Haka nan idan gwamnati ta karɓi wurin don aikin jama'a bisa sashe na 28, wanda sunansa ke fayil shi ne ya fi sauƙin kafa hujjar diyya.

Hanyar gwamnati ta fi tsawo. Lauya yana fara bincike a KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye a Kano, kamar yadda ake yi a KADGIS a Kaduna da AGIS a Abuja, ya tabbatar da sunan mai gida da duk nauyin da ke kan gidan. Safiyo ya je ya duba ko turakun iyaka da ke ƙasa sun dace da zanen da ke jikin takarda. Sannan a rubuta takardar miƙa mallaka, a nemi amincewar gwamna, a biya harajin hatimi, a yi rajista. Kuɗaɗen suna bin ƙimar gidan, aikin kuma yakan ɗauki watanni, wannan gaskiya ne daga cikin abin da mai gidan ya faɗa. Amma ba dole ba ne ciniki ya tsaya cik ana jira, domin Kotun Ƙoli ta bayyana a shari'ar Awojugbagbe da Chinukwe, a 1995, cewa ana iya ƙulla yarjejeniya a sa hannu kafin amincewar ta fito, sai dai mallaka ba ta kammala komawa sai da ita.

Ita ma wannan hanya tana da makanta. Satifiket hujja ce mai ƙarfi, amma ba ta wanke asali marar kyau, kamar yadda kotun ta nuna a shari'ar Ogunleye da Oni a 1990: idan wani ya riga ka da haƙƙi ingantacce a kan filin, satifiket ba zai ƙwace masa ba. A gidan gado abin ya fi fitowa fili, domin fayil ba ya lissafa magada. Babban wa ba shi da ikon sayar da kason ƙannensa don kawai takardu suna hannunsa, kason marayu yana buƙatar izinin alƙali, kuma a mazhabar Malikiyya abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufa'a, wato ya biya kuɗin da aka sayar da kason ɗan'uwansa ya karɓe shi daga hannun baƙo. Saboda haka a irin wannan gida sai ka ga takardar rabon gado daga kotu, ka kuma ji daga bakin kowane magaji.

Akwai dabarar da wasu ke yi don kauce wa kuɗin rajista, ta karɓar takardar wakilci daga mai gida. Kotun Ƙoli ta ce a shari'ar Ude da Nwara, a 1993, irin wannan takarda izinin yin aiki a madadin wani ce, ba ta mayar da wakili mai gida.

A halin da kake ciki, tun da gidan yana da satifiket, tsayawa a takardar mai unguwa kaɗai haɗari ne da ya fi kuɗin da za ka tsira da shi girma. Ka je wurin mai unguwa da maƙwabta tun kafin ka ba da kafin alƙalami, lauya kuma ya yi nasa binciken a lokaci guda. Lauyan ya zama naka na kanka, kada ya zama wanda mai gida ko dillali ya kawo, domin dillali ba ya samun la'ada sai ciniki ya faɗa. Ka nemi ganin asalin satifiket ɗin, idan aka ce yana hannun wani ga kwafi, ka dakata har sai ya fito. Ka biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan takardar, kuma a rubuta cikin yarjejeniya cewa cikon kuɗin ba zai fita ba sai ranar da mai gida ya sa hannu a takardar miƙa mallaka da takardar neman amincewar gwamna.