Bin Salsalar Mahaƙan Cornwall: Inda Ya Dace Ka Kashe Kuɗinka

Wanda zai bi salsalar iyalin da suka haƙi kuza da jan ƙarfe a Cornwall, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, ya shirya wa saɓanin takardu. Ƙidaya za ta nuna an haifi kakan a 1816, littafin coci ya ce 1812, takardar mutuwa ta kawo wata shekara daban. Kafin ka zuba kuɗi a kowane shafin intanet, ka san wace takarda ce ke raba irin wannan gardama.

Fara da abin da ba a biya. Rumbun Cornwall Online Parish Clerks aikin masu sa kai ne da suka kwafe littattafan baftisma, aure da jana'iza na coci-coci, kuma ga wannan yanki ya fi wasu shafukan kuɗi amfani. FreeBMD na ba da jerin haihuwa, aure da mutuwa tun daga 1 ga Yuli 1837, ranar da gwamnati ta fara rajista a Ingila da Wales. Rauninsu ɗaya ne: kwafi ne, kuma mai kwafa yana kuskure. Ga kuma tarkon da ke kama kusan kowa. Idan jerin ya ce Redruth, gundumar rajista yake nufi, wadda ta haɗa Camborne, Gwennap da Illogan. St Just ma biyu ne: na Penwith shi ne garin ma'adinai, na Roseland yana wani ɓangare can daban.

Kuɗin farko ya tafi ofishin rajista na ƙasa, GRO. A farashin 2024, hoton rajistar haihuwa ko mutuwa fam 3 ne, PDF fam 8, takarda mai hatimi fam 12.50. Bayanin da ke ciki iri ɗaya ne, don haka mai bincike ba ya buƙatar mai hatimi, sai ta aure, wadda a takarda kawai ake samunta. Kafin ka saya, duba jerin GRO ɗin kansa, kyauta ne bayan ka buɗe asusu, kuma yana nuna sunan gidan uwa na kafin aure tun daga 1837, alhali tsohon jerin, wanda FreeBMD ta kwafa, bai fara nuna shi ba sai 1911. Wannan ne ke raba John Williams ɗinka da sauran masu sunan da aka haifa a shekara guda a gunduma guda. Williams, Richards, Thomas da Rowe sun cika garuruwan ma'adinai, kuma iyalai suna maimaita sunan yanka, har a raɗa wa jariri sunan wansa da ya rasu. Idan ka ga baftisma biyu da suna ɗaya a gida ɗaya, nemi jana'iza a tsakaninsu. Rashin samun haihuwa kafin 1875 bai nuna ba a haifi yaron ba, domin sai a shekarar ce rajista ta zama wajibi a kan iyaye.

Sai manyan shafuka biyu, Ancestry da Findmypast. Dukansu suna da hotunan ƙidaya, kuma hoton ne abin da kake saya. A ƙidayar 1841 an rage shekarun duk wanda ya haura 15 zuwa ninkin biyar da ke ƙasa, mai 29 ya koma 25, kuma ba a rubuta garin haihuwa ba, an dai tambaya ko an haife shi a lardin. Daga 1851 ne ake rubuta garin haihuwa. Saboda haka idan 1841 ta saɓa da 1851, ka ba ta 1851 fifiko. Findmypast ya fi ƙarfi a jaridun Birtaniya, irin su West Briton da Royal Cornwall Gazette, inda ake samun rahoton binciken mutuwar waɗanda hatsari ya rutsa da su a rami, amma ka duba ko matakin da za ka biya ya haɗa da jaridun. Ancestry ya fi dacewa idan iyalin sun ƙetare zuwa Amurka. Bishiyoyin iyali da jama'a ke ɗorawa a can kuwa, ka ɗauke su a matsayin jita-jita: kuskure ɗaya ne ake kwafa sau ɗari. Shawararmu ita ce ka rubuta tambayoyinka tukuna, ka biya wata guda, ka kashe sabuntawar da ke cirar kuɗi da kanta.

Inda iyalin suka nufa shi zai zaɓa maka shafi. Bayan faɗuwar farashin jan ƙarfe a 1866 mahaƙa sun watsu: Moonta da Kadina a kudancin Ostireliya, Grass Valley a Kalifoniya, yankin Keweenaw a Michigan, daga baya Johannesburg. Real del Monte ta Meziko ta karɓe su tun 1824. Ga Ostireliya, Trove na ba da tsoffin jaridu kyauta. Matar da ƙidaya ta nuna ita ce shugabar gida, amma an rubuta tana da aure, sau da yawa mijinta yana can ƙetare yana aiko da kuɗi. Kada ka binne shi a bishiyarka.

Abin da intanet bai kai gare shi ba yana Kresen Kernow, gidan adana tarihin Cornwall da aka buɗe a Redruth a 2019. Can ne asalin littattafan coci, wasiyyoyi da littattafan kuɗin ma'adinai suke. Kada ka ɗora buri da yawa a kan na ma'adinai: galibi sunan wanda ya karɓi kwangila a madadin ƙungiyarsa ake rubutawa, sauran ba sa fitowa. Yawancin mahaƙan kuma 'yan Methodist ne, don haka baftismar da ka rasa a cocin Ingila tana iya kasancewa a littafin Wesleyan ko na Bible Christian, rassan ɗarikar Methodist. Aure kuwa, daga 1754 zuwa 1837 dole a cocin Ingila suka ɗaura shi. Idan za ka ɗauki mai bincike na haya, ba shi tambaya guda, ka ƙayyade awanni, ka nemi hoton kowane shafi.

Gwajin DNA shi ne na ƙarshe a jerin sayayya. Yana iya haɗa ka da dangi a Ostireliya masu riƙe da wasiƙu, amma a garuruwan da aka daɗe ana auratayya a tsakani yakan nuna dangantaka ta fi yadda take kusa, kuma ba zai bambanta maka wa da ƙane ba.

Wanda kakansa ya zo haƙar kuza a Jos a farkon ƙarni na 20, ya nemi jerin fasinjojin da suka bar Birtaniya daga 1890 zuwa 1960, wanda ke kan shafukan biyu. Duba jiragen ruwan kamfanin Elder Dempster daga Liverpool zuwa Legas, ka gwada sunan da rubutu biyu ko uku, kamar Tregoning da Tregonning, kafin ka yanke cewa ba ya ciki.