DaVinci Resolve na kyauta: yadda na same shi wajen gyaran kalar bidiyon biki

Duk mai ɗaukar bidiyon biki ya san wahalar da nake nufi, ka shiga hol ɗin dina ka tarar an cika shi da fitilu shuɗi da ruwan hoda, a ido gwanin sha'awa, amma kana dawowa gida ka zuba a kwamfuta sai ka ga fuskar amarya ta yi fari-fari kamar an shafa mata toka, kwalliyar da aka kashe wa kuɗi duk ta ɓace. Wannan ne ya sa na koma DaVinci Resolve, wato manhajar gyaran bidiyo, kusan shekara ɗaya kenan, kuma gaskiya a harkar kala ban ga na biyunsa ba.

Kamfanin Blackmagic Design na Ostireliya ne ke yin sa, sun saye shi tun 2009, kuma akwai na kyauta wanda ba ya manna maka tambari a kan aikinka, yana fitar da bidiyo har 4K. Shafin Color shi ne zuciyar abin. Da farko tsarin nod ɗin nan ya rikita ni, ƴan akwatuna ne da ake jona su da layi, kowanne da gyaran da yake ɗauke da shi, sai da na yi kamar sati biyu kafin hannuna ya faɗa. Yanzu a nod na farko na daidaita haske da Lift da Gamma da Gain, wato maɓallan wuraren duhu da tsaka-tsaki da masu haske, na biyu na gyara fari ya zama fari na gaskiya, na uku kuma fata kawai.

Nod ɗin fatar nan shi ne ya saye ni wallahi. Akwai wani biki da na yi, amarya baƙa ce kyakkyawa, fitilar shuɗi ta doke ta a kumatu lokacin da ake mata liƙi. Na ɗauki Qualifier na tsinci kalar fatarta ita kaɗai, na zagaye fuskar da Power Window na sa tiraka ta bi ta duk inda ta juya, sannan na buɗe bektoskof, wato ma'aunin kala, na ja kalar a hankali har ta hau layin nan na launin fata. Mutane da yawa suna zaton layin na Turawa ne kawai, a'a, fatarmu ma a kusa da shi take zama, haske ne ya bambanta. Fuska ta dawo da ɗuminta, jan lallen hannunta ya fito raɗau, shuɗin hol ɗin kuma yana nan a bayanta ban taɓa shi ba.

Don Allah ƴan uwa a rage ɗora LUT, wato shiryayyar kalar da ake ɗora wa bidiyo gaba ɗaya, tun daga farko. Yawancin waɗanda ake saukewa a intanet ba da irin fatarmu aka gwada su ba, suna dagula ta ne. In dole ne ka sa shi a nod na ƙarshe ka rage masa ƙarfi. Kuma in farar shaddar ango ta riga ta ƙone da yawan haske tun a kyamara, to babu manhajar da za ta dawo maka da aikin wuyan.

Sai dai fa yana son kwamfuta mai ƙarfi. Tsohuwar laftof ɗina mai ram 8 ja take tana tsayawa, sai da na ƙara zuwa 16 kuma ina yin furoksi, wato ƙaramin kwafin bidiyon mai sauƙin aiki, kafin na samu sauƙi. Sannan abin cire tsakin nan da ke fitowa a bidiyon dare yana cikin Studio ne, wato na kuɗin, shi da Magic Mask mai ware mutum daga bayansa, dala 295 biya ɗaya ba na wata-wata ba. Mu da rabin aikinmu a duhun hol ne muna buƙatarsa sosai, ina tara kuɗin yanzu, ina so in saya kafin bukukuwan Disamba in sha Allah.